Yadda Mudi Wanne Ya Samu Suna

A Tudun Wada ba a barin sunan mutum ya yi yawo tsirara. Sai an rataya masa sana'arsa, don a san wanda ake nufi. Akwai Mudi Mahauci, akwai Mudi Wanzami, akwai Mudi Direba wanda rabonsa da sitiyari tun ranar da ya kwantar da motar mutane a kwalbati, amma har gobe Direba ake ce masa. Sai kuma namu Mudin, na bayan tasha, mijin Kaltume. Shi idan baƙo ya zo nemansa, abin da za a fara tambayar baƙon shi ne, "Mudi wanne?" In ya ce mai shayi, a ce ai ya bari. In ya ce mai kaji, a ce wannan labarin bara ne. A haka tambayar ta manne masa har ta zama suna, yara da manya kowa Mudi Wanne. Yakan yi dariya in an kira shi, amma dariyar ba ta wuce haƙori, don abin yana yi masa ciwo.

Kada wani ya ce rago ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Mudi ya kama sabon aiki ba. Ba ya zaman majalisa, abinci a tsaye yake ci, gaisuwa ma yana tafe yake amsawa. Ciwonsa guda ne tak: ran da ya iya abu, ran nan abin ya fita daga ransa.

Da ɗinki ya fara. Ubansa, manomin masara da bai taɓa riƙe komai ba sai fartanya, shi ya kai shi Kiru wajen wani tela. Ya dawo da keke da almakashi, ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya kuwa yi suna. Sai wata rana da damina, yana hira da wani Ubale da ya shigo fakewa ruwa, ya ɗinka aljihun kaftani bai ko duba ba. Da ya ɗaga rigar ya ga aljihun ya zauna daram, sai ya ji ɗinkin ya fita daga ransa. Ya ce, "Ubale, kana da aikin yi?" Ubale ya ce babu. Ya ce, "To zo zauna nan." Ya koya masa har kaka, ya bar masa keken da shagon, ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Ubale yana kan keken nan har yau, a kansa gemunsa ya yi fari.

Daga nan sai shayi a tasha. Mudi ne ya fara fifita shayi daga saman kansa zuwa kofin da ke wajen gwiwarsa, har direbobin hanyar Jos suna tsayawa don kallo kawai. Ran da ya yi hakan ido a rufe ko ɗigo bai zuba ba, ya miƙa kofunan ga Audu, wanda dama kullum yana kan benci ba ya sayen komai. Faci kuwa Ɗanliti ne ya gada, don kawai ya kawo tayar kekensa a ranar da Mudi ya gane yana iya jin inda iska ke fita ba sai ya tsoma tayar a ruwa ba.

Sauran ba sa ƙirguwa. Ya yi kamun kifi da taru a Tiga, ya dawo kyanwowin unguwa suna binsa. Ya haƙi kuza a Riruwai. Ya yi dillancin rake, ya yi acaɓa, ya buɗe wurin cajin waya, ya yi kiwon kaji. Ya taɓa ɗaura amya a gefen dajin Falgore, ƙudan zuma suka yi masa tarbar da ya dawo gida fuska kamar kabewa, Kaltume ta leƙo ta ce masa maigidan ba ya nan.

Ita Kaltume, tun tana amarya take yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, turmi ɗaya, kasko ɗaya, lungu ɗaya na tsakar gida. Da sunanta ma ake kwatancen gidan, gidan Kaltume Mai Ƙuli, kuma wannan ya fi komai tsaya wa Mudi a wuya. Ba mace ce mai hayaniya ba. Idan ya shigo da sabbin kayan aiki, sai ta dube shi, ta dubi kayan, ta ce, "Allah ya sa a daɗe." Yadda take jan "a daɗe" ɗin nan ya fi zagi ciwo. Wani lokaci kuma, ran da ya shigo a shirye don shan faɗa, sai ta tuntsire da dariya ta ƙara masa nama a miya. Mudi bai taɓa gane ranar da za a yi wanne ba.

Ɗansu na biyu, Mujitaba, uwarsa ya biyo. Gyaran injin ban-ruwa ya koya, a kai ya zauna, ko waiwaye ba ya yi. Wata shekara da rani aka kira shi Burumburum, wani gidan Fulani masu kiwo da noma, injinsu ya ƙi tashi. Ya gyara. Aka aiko wata budurwa, Bahijja, ta kawo masa fura. Tun daga ranar injin nan bai sake samun lafiya ba, duk mako sai Mujitaba ya je duba shi, ko da kuwa yana ta aman ruwa lafiya lau. Da abin ya ishi kowa, aka tura dattawan unguwa neman aure.

Dattawa suka dawo da saƙo daga Buba, wan mahaifin yarinyar, wanda shi ne mai ba da aure a gidan. Ya ce yaro sun gan shi, ba shi da laifi. Amma su ba sa ba da 'ya sai sun san gidan da za ta shiga. Ran kasuwa zai shigo Tudun Wada da kansa, ya ji daga bakin mutane mece ce sana'ar uban yaron, kuma tun yaushe yake kanta.

Da yamma Mujitaba ya durƙusa gaban ubansa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, sun ce shi Baffa Buba tunda ya tashi bai taɓa yin komai ba sai kiwo. Ba ya yarda da mutumin da ba ya zama wuri ɗaya." Ya tashi ya fita. Yaron nan bai taɓa roƙon ubansa ko takalmi ba. Mudi ya bi shi da kallo, ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko a gaban ƙudan zuma. Duk abin da ya saki a rayuwarsa nasa ne, babu ruwan kowa. Wannan kuwa na yaron ne, kuma shi ne zai sa ya suɓuce.

A lokacin Mudi maganin ɓera yake sayarwa, da 'yar lasifikarsa a rataye a kafaɗa. Bai kai ga iyawa ba tukuna, don ɓerayen unguwa ƙiba ma suke yi. Ya ajiye lasifikar, ya yi tunani, ya samo dabara. Ai bincike ba wajen mutum ake zuwa ba, mutanen gari ake tambaya. To shi zai riga Buba zuwa wajen mutanen gari.

Ana gobe kasuwa ya fara da Audu Mai Shayi. Ya ja shi bayan teburi ya ce, "Gobe wani dattijon Bafulatani zai zo tambaya a kaina. Auren yaron nan ne. Ka ce masa sana'ata ɗaya, tun tasowata ban taɓa canzawa ba."

Audu ya sosa ƙeya. "Maigida, ba dai rantsuwa ba ko?"

"Wa ya ce ka rantse? Magana ce kawai."

"In dai magana ce, ka bar ni da shi."

Haka ya yi da Ubale, haka ya yi da Ɗanliti. Kowa ya dafa ƙirji ya ce an gama. Mudi ya koma gida bakinsa har kunne, yana jin a ransa ko wannan sana'ar ta shirya shaidu ya kusa iyawa.

Da safe yana shan koko, Kaltume tana gyara gyaɗa a faifai, ya kasa riƙe abin a ciki, ya ba ta labari duka. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce, "Ya yi kyau, Malam. Wace sana'ar ka ce su faɗa?"

Ludayin ya tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai koma kwano ba.

Ya lalubo waya ya kira Ubale, a kashe. Wayar Ubalen tana wurin caji, wurin da shi Mudin ya buɗe da hannunsa. Ya kira Ɗanliti, ta yi ta ƙara, injin iska ya hana a ji. Audu kuwa ba ya ɗaga waya ran kasuwa ko gobara ake yi. Mudi ya zura takalmi, ƙafa ɗaya nasa ɗaya na Kaltume, ya nufi tasha.

Ya makara. Mujitaba ya kwatanta masa mutumin: dogo, farin gemu, malfa, da jar laima a rataye a bayan wuya. Ga shi kuwa a zaune a kan bencin Audu, sanda a tsakanin gwiwoyi, yana hura shayi. Mudi ya laɓe bayan wata motar masara, ya kasa kunne.

"Mudi?" in ji Audu da ƙarfi, har da dukan teburi. "Baffa, ai a kan teburin nan aka yaye shi. Mai shayi ne gaba da baya. Tun yana goye yake fifita shayi. Ni nan yaronsa ne, riƙe masa nake yi."

"To," in ji Buba. "Yau yana ina?"

"Ya je sayo burodi."

Buba ya dubi burodin da aka jera har ya kusa taɓa rumfa. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya tashi.

Mudi ya ce a ransa, shi ke nan, shayi ne, bari in riga shi wajen Ubale in ce shayi. Ya yanka ta layin 'yan hatsi. Amma ran kasuwa ce, kuma babu layin da Mudi bai taɓa zama ba. Wannan ya riƙe hannunsa a gaisa, wancan ya ce ya zo ya duba masa ma'auni, wata tsohuwa ta tare shi ta ce maganinsa ɓerayenta sun cinye suna neman ƙari. Shi kuwa Buba, mutumin da ya saba bin shanu tun daga Burumburum har gefen Falgore, taku ɗaya nasa uku ne na Mudi. Kafin Mudi ya iso, har an shimfiɗa masa buzu a shagon tela. Mudi ya karɓi damin rake a hannun wani ya sa a kafaɗa ya rufe fuska, ya tsaya jikin taga.

"Tela ne," in ji Ubale, a natse, irin maganar mutumin da ba ya ƙarya. "Tun kafin gemu ya fito masa yake kan keken nan. Ko a barci ƙafarsa takawa take yi, matarsa ta sha kawo ƙara. Bai san hanyar ko'ina ba sai daga gida zuwa shagon nan."

"Allah Sarki," in ji Buba. "Yana ina yanzu?"

"Ya je sayen zare."

"Zai biya ta wajen burodi ke nan."

Ubale bai gane ba, amma ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Wajen Ɗanliti ma ba sai an faɗa ba. Ya kashe injin iska don girmama baƙo, ya ce Mudi da faci aka haife shi, kakansa ma faci yake yi tun kafin a kawo taya ƙasar nan. A bayan tarin tsofaffin tayoyi Mudi ya durƙusa, ya dafe kai.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Tudun Wada ba ta riƙe magana. Tun jiya Audu ya faɗa wa mai kifi a asirce, mai kifi ya faɗa wa mai rake a asirce, kafin la'asar duk kasuwa ta san auren ɗan Mudi yana rataye a kan sana'a ɗaya. Kuma kowa yana son ya taimaka. Buba bai sake tambayar kowa ba, su suka riƙa tare shi. Mai cajin waya ya fito da gudu ya ce in Mudi ake nema, maigidansa ne, tun kafin a ƙirƙiro waya yake caji. 'Yan acaɓa suka ce shugabansu ne. Mai kifi ya ce ƙarya suke yi, Mudi masunci ne, a cikin kwalekwale aka raɗa masa suna. Mai rake ya ce wa mai kifi ya iya bakinsa. Mai kifi ya ajiye tire. Sai ga manyan mutane biyu, masu 'ya'ya da jikoki, sun cakumi juna a tsakiyar kasuwa a kan wanda ya fi iya yi wa Mudi ƙarya.

Buba ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallo, har aka raba su. Daga nan ya bi hanyar kara, inda ake cinikin shanu, ya samu inuwar wata darbejiya ya zauna. Bai waiwaya ba ya ce, "Kai mai rake, ajiye damin nan ka zo. Tun daga tasha kake bina, wuyana ya gaji a madadinka."

Mudi ya ajiye raken. Ya matso, ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, yana fatan kada ta ƙare. Buba ya amsa duka, har lafiyar gida da ta damina. Sannan ya dubi ƙafafunsa.

"Takalmin hagun na uwargida ne?"

"Nata ne, Malam."

"To kai ne Mudin. Kai ni gidanka, a nan ido ya yi yawa."

A zaure aka yi wa Buba shimfiɗa. Daga inda ya zauna yana hango tsakar gida ta ƙofa: taru a rataye a bango, akurki babu kaji, amya a jingine, wani tsohon famfon iska, da lasifikar maganin ɓera a kan turmin da ba a amfani da shi. Daga lungu kuma ana jin dakan Kaltume, tim, tim, ba sauri ba jinkiri. Aka kawo ruwa, ya sha.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Buba. "Na zo neman mutum ɗaya, an ba ni goma. Kowanne kuma tun yana goye yake aiki. Malam Mudi, mutum nawa suka goya ka?"

Mudi ya buɗe baki zai ce shayi. Kalmar har ta zo kan harshe. Sai ya ga babu amfani, mutumin nan ya riga ya ga tarun, ya ga akurkin.

"Ni na sa su, Malam. Laifina ne, ba na yaron ba. Duk abin da suka faɗa na yi shi, amma babu wanda na zauna a kai. Ba ni da sana'a ɗaya. A garin nan ko suna ba ni da shi."

"Korarka ake yi?"

"A'a."

"Asara kake yi?"

"Wani lokaci. Amma ba ita ke tashina ba." Ya sunkuyar da kai. "In na iya abu, sai in ji ya ishe ni. Sai in miƙa wa wanda ke kusa in yi gaba."

Buba ya daɗe yana murza gemu. Ya ce, "Na lura. Duk wanda ya yi mini ƙarya yau, a kan kujerarka yake zaune. Wannan ba abin kunya ba ne, ni ban taɓa ba kowa ko igiya ba. Amma ba shi ya kawo ni ba." Ya gyara zama, murmushin ya bar fuskarsa. "Bahijja a hannuna ta girma. Ni ba shayi ko ɗinki ne ya dame ni ba. Ɗa yana ɗauko halin ubansa, ko bai nuna da wuri ba. Yanzu yaronka yana ta zarya don bai san ta ba. Ran da ya saba da ita fa? Ran da ya ga ya iya ta, shi ma sai ta ishe shi?"

Mudi ya cire hula ya sosa kai.

"Bari in tambaye ka," in ji Buba. "Mai dakan nan ta nawa ce?"

"Ta nawa kuma? Ita ce dai. Ita kaɗai."

"Tun yaushe?"

"Tun ina kan keken ɗinki."

"Ita ba ta ishe ka ba?"

Mudi ya ɗago da mamaki, kamar an tambaye shi ko ya taɓa cin dutse. Bai yi tunani ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Kaltume? Malam, ai ita ban iya ta ba. Tun ranar da aka kawo ta nake koyo. In na ce yau na gane kanta, gobe sai in tarar da wata. Ina zan je ban gama ba?"

Dakan ya tsaya.

Buba ya dubi Mudi, ya dubi ƙofar tsakar gida, sai ya fashe da dariya, irin dariyar dattijon da ya daɗe bai yi ba, har malfarsa ta faɗo. Ya share ido da bakin riga. Ya ce, "Mutane suna cewa Buba mai haƙuri ne, bai taɓa barin kiwo ba. Wane haƙuri? Tun ina ƙarami nake bin shanu, har yau akwai safiyar da za su yi mini abin da ban taɓa gani ba. Da na iya su da tuni ina tasha ina sayar da shayi." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. "Ka ce wa dattawanku su dawo a sa rana. Ka kuma ce wa mai kifi da mai rake su shirya, ni na yafe musu."

Mudi ya raka shi har tasha. Da ya dawo ya tarar da Mujitaba a ƙofar gida, yaron ya kafe shi da ido. Mudi ya ce, "Je ka duba injin mutane, na ji an ce ya sake lalacewa." Yaron ya rufe fuska da hula ya zagaya bayan gida. A ciki kuwa Kaltume ta ci gaba da dakanta, ba ta dube shi ba. Sai da ya zo wucewa ta ce, "Ashe koyo kake yi." Ya ce eh. Ta ce, "To da saura. Ba ni takalmina."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Audu ya yi shayi, Ubale ya ɗinka kayan ango, Ɗanliti ya zo da injin iska ko da za a buƙata. Amarya ta tare, sai ga Buba da kansa ya biyo baya, yana jan wata karsana mai farin goshi. A gidansu 'ya ba ta tafiya gidan miji ba saniyarta. Ya wuce ɗakin ango, ya wuce ango, ya damƙa igiyar a hannun Mudi.

"Sunanta Wule. Ba taka ba ce, ba ta ɗanka ba ce, ta yarinyar ce. Amana na ba ka, ba a miƙa wa na kusa."

"In na iya ta fa?" in ji Mudi.

"A hannuna aka haife ta," in ji Buba, "ban gane kanta ba. Na duba garken duka kafin in zaɓo maka."

Bai yi ƙarya ba. A makon farko Wule ta cinye rabin tarun Tiga. Ta tura kai cikin akurki ta yi yawo da shi a unguwa. In an ba ta harawa sai ta nemi dusa, in an kawo dusa sai ta juya baya ta nufi tunkuzar Kaltume. Ta haihu, ta yarda kowa ya tatse ta, har amarya da ke tatsa da hannu ɗaya, amma ban da Mudi. Shi da ta ga ya durƙusa da ƙwarya sai ta jira ya gyara zama, sannan ta ɗaga ƙafa. Ya je Burumburum neman shawara ya fi a ƙirga, Buba ya ba shi fura ya ce ya ci gaba da ƙoƙari.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, lasifikar maganin ɓera ta yi tsatsa a inda take. An zo masa da maganar sayar da sola, ya ce ba shi da lokaci. Yanzu in baƙo ya sauka a tasha ya ce Mudi yake nema, aka ce wanne, sai Audu ya ce, "In Mudi Mai Saniya ne, tsaya nan, yanzu za ta wuce da shi."

Haka kuwa ake yi. Kowace safiya Wule ce a gaba, igiya a miƙe, Mudi a baya yana tirjiya, hula a karkace. In sun zo fita daga gida yakan waiwayo ya ɗaga murya, "Kaltume, na kusa iya ta!"

Ita kuma daga lungunta, ba tare da ta ajiye taɓarya ba, sai ta ce, "Allah ya sa a daɗe." Yanzu ba ta jan kalmar. Da gaske take.